Kafin a Sauke Giya: Abin Yi da Abin Bari Idan Ana Zargin Solenoyid

Idan motar otomatik ta fara fizga wajen sauya giya, ko ta maƙale a ta uku ta ƙi hawa ta ƙi sauka, hukunci biyu ake yanke mata a yawancin garejinmu, kuma tun ba a ɗaga bonet ba. Ko dai a ce, "Solenoyid ne, Alhaji, a sayo sabo," ko kuma a ce, "Ai giyar ta tafi, sai dai a ɗora 'yar Beljiyam." Kowanne kuɗi ne masu ciwo, kuma sau da yawa kowanne kuskure ne. Wannan magana ta mutum biyu ce, mai motar da zai biya da bakaniken da zai sa hannu. Wanda ya ji ta da zafi ya yi haƙuri.

A fara sanin wanda ake tuhuma. Solenoyid ɗan ƙaramin bawul ne mai aiki da lantarki. A cikinsa akwai naɗin siririyar wayar tagulla da wani ɗan ƙarfe a tsakiya, wanda ke motsawa idan wuta ta shiga naɗin ya zama maganaɗisu. Mazauninsa galibi balbodi, wannan ƙarfen mai hanyoyi birjik da man giya ke bi. Kwamfutar mota tana duba gudu, da yadda aka taka totur, da zafin inji, sai ta aika masa wuta, shi kuma ya buɗe wa mai hanya ko ya toshe, man ya je ya matse kulocin giyar da ake so. Aikinsa irin na mai ban-ruwa ne a lambun rani, ya buɗe wa wannan fangali ya toshe wancan. In rijiya ta ƙafe, ko injin ban-ruwa ya mutu, ko maigida ya aiko masa da saƙon da ba daidai ba, shuka za ta bushe, amma laifin ba nasa ba ne. Sama da solenoyid akwai batir da waya da na'urorin auna gudu da kwamfuta. Ƙasa da shi akwai mai da famfo da matata da faiba. Duk wanda ya gaza a cikinsu, alamarsa kan yi kama da ta solenoyid. Saboda haka shi ne na ƙarshe da za a kama, bayan an wanke sauran.

Tun daga kan titi

Kada ka ci gaba da tuƙi don kawai motar tana motsi. Idan kwamfuta ta ga matsala a layin solenoyid, takan kulle giyar a wuri ɗaya, galibi ta biyu ko ta uku, domin ka lallaɓa ka kai gareji. Ba don ka kama hanyar Abuja aka yi wannan tsari ba. Tashi da giya ta uku a kowace danja yana dafa mai, kuma in mai ya dahu faiba ce ke ƙonewa. Matsalar da za ta ƙare a kan waya guda takan koma sauke giya saboda "bari dai a ga ƙarshen wata."

Kada ka yarda a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin da ke jan motar suna ƙasa. Inji ne ke juya famfon man giya. In inji na kashe, cikin giya yana juyawa ba mai. A ɗora ta a janwe. Turi kuwa don ta tashi, wannan sai manuwal.

Ka lura da abin da motar ke yi, ka riƙe shi daki-daki. Da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗau zafi? Daga ta ɗaya zuwa ta biyu take bugawa, ko ta ƙarshe ce ba ta shiga? Ribas fa? In ka kashe ka sake tayarwa, tana warwarewa na ɗan lokaci? Wace fitila ce ke ƙiftawa? A Honda harafin D ne, ko D4 a tsofaffin. A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce. A Peugeot mai giyar AL4, irin ta 206 da 307 da 406, fitilar S ce da mai alamar ƙanƙara. Sannan babbar tambaya: me aka yi wa motar kafin abin ya fara? Wankin inji, shiga ruwa da damina, sauya batir, aikin mai wayarin, juyen mai? Malam bakanike, in ba ka yi waɗannan tambayoyi ba, ba ka fara aiki ba tukuna.

Ka san alamun da ba safai suke zama na solenoyid ba. Motar da ba ta motsi ko kaɗan, a D ko a ribas, a nemi mai, famfo, wayar liba ko shaf ɗin da ya karye. Giyar da ke kuka ko gurnani, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Motar da inji ke ihu a kowace giya amma gudu ba ya ƙaruwa, ƙarfin mai ne ya faɗi ko faiba ta cinye.

Mai

Ka duba mai kafin ka taɓa komai, kuma ka duba shi yadda masu motar suka tsara. A Toyota mai geji, sai man ya ɗau zafi sosai, wajen digiri 70 zuwa 80, mota a wuri mai daidai, inji yana silo, an zagaya da liba ta kowane matsayi an dawo da ita P. Honda kuwa kashe inji ake yi, a duba cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Wanda ya auna Honda da salon Toyota, ko Toyota da salon Honda, ya karanta ƙarya, kuma da wannan ƙaryar zai ƙara mai ko ya rage. Giyoyin da ba su da geji, kamar AL4 da sababbin Toyota, ta wani noti na ambaliya ake auna su, a zafin da aka ƙayyade. Na AL4 wajen digiri 60 ne, na Toyota da yawa bai kai haka ba. Kwamfuta ce ke nuna wannan zafi, ba tafin hannu ba.

Kada ka cika shi ya wuce alama wai don "ya ishe ta." Man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta matse kuloci. Wanda ya yi kaɗan ma haka, famfo yana zuƙar iska. Duka biyun suna kawo jinkirin shiga giya da fizga, wato ainihin abin da ake ɗora wa solenoyid.

Ka ɗiga shi a farar takarda, ka duba, ka sansana. Ja ko ruwan ƙasa mai haske, da sauransa. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, faiba ta riga ta ƙone, kuma ko solenoyid goma ka sauya ba za ta dawo ba. Wanda ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ruwa ne ya shiga, ko dai ta lagireto inda bututun sanyaya man giya ya fashe, ko motar ta sha ambaliya. Wannan na biyun ba baƙon abu ba ne a motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka. Launi kaɗai dai ba hujja ba ne, don akwai man da tun asali ba ja ba ne. Hanci ya fi ido gaskiya a nan.

Kada ka zuba duk wani jan mai da ka samu. Toyota na da T-IV, tana da WS, kuma ba ɗaya ba ne. Honda na da Z1 wanda DW-1 ya gaje shi. Dexron na wasu ne dabam. Mafi muni, motar CVT, irin Murano da sababbin Altima da yawancin Corolla daga 2014, ba ta shan man otomatik na yau da kullum sam. A duba jikin geji ko littafin mota. Man da aka ɗura a gorar da ba ta da suna a bakin titi, a bar wa mai shi kayansa. Haka "maganin giya" da ake sayarwa a ƙaramar kwalba.

Kada ka ɗauka juye ɗaya ya sauya man gaba ɗaya. Abin da ke fita ta notin ƙasa bai fi kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, sauran yana cikin kwanbata da bututai.

Kwamfuta

Ka sa a ɗora kwamfutar bincike. Tun 1996 duk sabuwar motar da aka sayar a Amurka tana da soket mai baki 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II, kuma Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Yawancin motocin da ke kan titunanmu suna da shi. Wanda ya kwance giya bai ɗora kwamfuta ba, caca ya yi da kuɗin wani.

Kada ka goge lambar matsalar da ta nuna kafin ka rubuta ta. Kada kuma ka cire kan batir wai don fitilar ta mutu. Tare da lambar, kwamfuta tana ajiye gudun motar da juyin inji da zafinsa a daidai lokacin da matsalar ta faru. Wannan shi ne shaidar da kake da ita. Fitila za ta mutu, ciwon yana nan, shaidar kuma ta tafi.

Kada ka tsaya a P0700. Wannan lamba ba ta ce komai ya lalace ba. Kwamfutar inji ce ke sanar da kai cewa ɓangaren giya na da ƙorafi, je ka tambaye shi. 'Yan ƙananan na'urorin nan masu araha da ake haɗawa da wayar hannu galibi inji kaɗai suke karantawa. A nemi wadda ke shiga ɓangaren giya, mai nuna giyar da kwamfuta ta umarta da gudun shiga da na fita yayin da mota ke tafiya. Peugeot kuma nata take so, Diagbox ko PP2000.

Ka koyi karanta lambar da kyau, don a nan ne yawancin asarar take. P0750 zuwa P0754 na solenoyid A ne, P0755 zuwa P0759 na B, daga P0760 na C, haka har gaba. Amma cikin gida ɗaya ma ba maganarsu ɗaya ba. P0753 da P0758 na lantarki ne. Kwamfuta ta aika wuta ta ga layin ya yanke ko ya haɗe da jiki. Layi kuwa ya ƙunshi waya, da soket, da solenoyid, da ita kanta kwamfutar. P0751 da P0752, da P0756 da P0757, wani labari ne dabam. Kwamfuta ba ta da ido a cikin giya. Abin da ta yi shi ne ta ba da umarnin giya ta biyu, ta kwatanta gudun shiga da na fita, ta ga lissafin bai fita ba, sai ta ambaci sunan solenoyid don shi ta aika. Mai yiwuwa ya maƙale da gaske. Mai yiwuwa kuma wani bawul ne ya cije a balbodi, ko matata ta toshe, ko kulocin giyar ne ke zamewa, ko na'urar auna gudun ce ke faɗin ƙarya. In ka ga P0715 ko P0720, na'urorin auna gudun shiga da na fita, a jere da lambar solenoyid, su za ka fara bi.

Kada ka yarda cewa solenoyid uku ko huɗu sun mutu rana ɗaya. Ba a cika ganin haka ba. Lambobi da yawa a lokaci guda suna nuna abin da suka yi tarayya a kai: fis, wayar da ke ba su wuta, ta ƙasa, babban soket, ko kwamfuta. Akwai misalai da duniya ta sani. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 takan buga giya da ƙarfi ta fitar da P0750, P0753, P0755 da P0758, alhali kwamfutar inji ce ke lalacewa, kuma wanda ya ɗora mata wata giyar bai gyara kwamfutar ba, sabuwar ma za ta bi ta farko. A 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya saboda tsagewa a cikin kwamfutar inji, kuma bugun giya na cikin alamun da aka lissafa. Pontiac Vibe, wadda ta cika titunan Kano, ita ma abin ya shafe ta, don ciki ɗaya suke da Matrix. A Mercedes mai giyar 722.6, soket mai baki 13 yakan yi yoyo, mai ya bi cikin waya har ya isa kwamfutar giya. Duk waɗannan, wanda ya tsaya ga sunan da lamba ta ambata zai sayi solenoyid a banza.

Ka gyara inji kafin ka tuhumi giya. Filogin da ke tsallake wuta yana girgiza mota kamar giya ce ke fizga. Na'urar totur ko ta auna iska in ta rikice, kwamfuta za ta sauya giya a lokacin da bai dace ba. Ga kuma wata al'ada tamu: cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi. Toyota da yawa ba sa barin mota ta shiga giyar ƙarshe sai ruwan inji ya kai wajen digiri 60. Motar da aka cire wa tamostat, aka kuma haɗa fankarta kai tsaye, da asubar hunturu a hanyar Jos tana iya yin tafiya mai nisa ba ta shiga giyar ƙarshe ba. Ba abin da ya sami solenoyid ɗinta. A mayar mata da abin da aka cire.

Waya

Ka auna batir. Inji a kashe wajen bolt 12.6, yana aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Ka duba wayar ƙasa da ke ɗaure a jikin inji da giya, wadda ake yawan mantawa da ita bayan an sauke inji.

Ka zare soket ɗin giya ka leƙa da tocila. Kore ko farin tsatsa, ruwa, mai, haƙorin da ya lanƙwashe ko ya koma ciki, kowanne ya isa ya fitar da P0753. Ka bi wayar da hannu har inda ta shiga cikin mota, musamman inda take gogar ƙarfe ko ta kusanci salansa. Ɓera yana cin waya a motar da ta daɗe a ajiye. Masu wankin inji da injin feshi suna tura ruwa cikin soket. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif yakan yi aiki da safe ya yanke da rana. A girgiza wayar ana kallon mita.

Kada ka gwada wayoyin kwamfuta da ƙwan fitila ko ta hanyar ƙyasta su a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi. Wannan dabara ta zamanin kafireto ce, a motar yau kwamfuta take ƙonawa. Kada kuma ka huda rigar waya da allura. Ramin nan ruwa zai bi, bayan wata shida matsalar da ka haifar ta dawo wa mai motar.

Shi kansa solenoyid

Sai yanzu aka zo kansa. Ka auna shi da mita a ma'aunin om, ka fara daga soket ɗin kwamfuta don awon ya haɗa da waya, sannan a soket ɗin jikin giya, sannan a kansa in ta kama. Inda lamba ta sauya, nan ɓarnar take. In ya yi daidai a jikin giya amma ya ƙi a wajen kwamfuta, waya ce, kuma ka tsira daga buɗe giya.

Kada ka auna ba ka san lambar da kake nema ba. Solenoyid iri biyu ne. Akwai mai kunnawa da kashewa kawai, wanda a Toyota yakan nuna om 11 zuwa 15, a Honda 12 zuwa 25. Akwai kuma mai daidaita ƙarfin mai a hankali, irin SL1 da SL2 da SLT na Toyota, wanda ke nuna om 5 zuwa 5.6. Wanda bai san wannan ba zai ga 5 ya ce ya ƙone, ya jefar da lafiyayye. Waɗannan lambobi a digiri 20 aka auna su, kuma suna ɗan hawa da zafi. Kowace giya da nata, a nemo na wadda ke gabanka.

Ka auna da sanyi, ka sake aunawa da zafi. Naɗin da ya fara tsinkewa yakan haɗu in ya huce, ya rabu in ya ɗau zafi. Motar da ke lafiya da safe ta rikice a cunkoson azahar, awon safe kaɗai ba zai kama ta ba.

Kada ka ɗora wa kowane solenoyid wutar batir kai tsaye. Mai kunnawa da kashewa yana jure taɓawa ta ɗan lokaci, ka ji ya yi ƙas. Mai om 5 kuwa wuta mai yawa zai ja, naɗin ya ƙone a hannunka. Littafin Toyota cewa ya yi a sa ƙwan fitila mai wat 21 a tsakani. In kwamfutarka tana iya kunna su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya fi.

Kada ka ɗauki ƙas ɗin nan a matsayin shaidar lafiya. Yana nuna ƙarfen ciki ya motsa, bai nuna yana toshe mai ba. A hura masa iska mara ƙarfi, a ga yana rufewa ruf yana kuma buɗewa. A duba 'yar ragar da ke bakinsa. A Honda da yawa solenoyid a waje suke, a jikin giya, noti biyu ko uku ne ka cire su, kuma ragar da ke ƙarƙashinsu takan toshe da garin faiba. Wanke ta na iya dawo da motar hanya. Amma ka gaya wa mai mota gaskiya: garin nan daga cikin giyarsa ya fito, musamman a Accord mai silinda shida ta wajen 1998 zuwa 2004, wadda aka san giyarta da saurin cinyewa.

A tsofaffin Toyota masu giya huɗu, irin A140E ta tsohuwar Camry da A340E, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A zare soket ɗin solenoyid a tuƙa da liba. L ta ba da giya ta ɗaya, 2 ta ba da ta uku, D ta ba da ta huɗu, ribas ya shiga. In haka ta kasance ba zamewa, ƙarfen ciki lafiya yake, a koma wajen lantarki. Kada a kai wannan gwaji kan sababbin giyoyi.

In ta kama a buɗe

Kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, balle a kan bulo. Kada ka kwance notin mai da zarar an kashe inji, man da ya kai digiri 80 yana saɓule fata.

Ka karanta farantin ƙasa kafin ka wanke shi. Laushin toka a jikin maganaɗisu ba komai ba ne, kowace giya na yi. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko guntayen baƙar faiba, ko garin tagulla, sun nuna aikin ya wuce solenoyid. A nan sai a tsaya a kira mai mota ya gani da idonsa, kafin a kashe masa kuɗi sau biyu.

Kada ka buɗe balbodi a kan ƙasa, cikin ƙurar hunturu, a kan kwalin da aka shimfiɗa. Bawulolin ciki ƙwayar yashi ɗaya tana iya maƙale su. Kada ka goge shi da tsumma mai zubar da zare. Kada ka ba yaron da ya zo jiya. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai, don solenoyid biyu kan yi kama kamar tagwaye alhali aikinsu dabam, notuna kuma tsawonsu ba ɗaya ba. Akwai 'yan ƙananan ƙwallaye a ciki, in ɗaya ta faɗi ba a gani ba, ka sayi sabuwar matsala. In solenoyid kaɗai za a sauya kuma ana iya kai masa hannu, a bar balbodi a inda yake.

Kada ka ɗaure da ƙarfin damtse. Notunan balbodi da na faranti wajen Nm 8 zuwa 11 suke so. Balbodi alminiyom ne, in ya lanƙwashe bawul ya cije. Kada kuma ka lafta gam. Wanda ya matso ciki yakan gutsure ya tafi kai tsaye cikin ragar solenoyid ɗin da ka gama sauyawa. A sa sabon gaskit da sabuwar matata.

Wajen saye da bayansa

Ka sayi kaya da lambarsa, ba da kamanninsa ba. Camry mai inji 2.4 ta fara da giya huɗu, U241E, daga baya ta koma biyar, U250E, kuma a ido motocin kusan ɗaya ne. In za ka Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, tafi da tsohon a aljihu da mita a hannu, ka auna kafin ka biya, ka kuma yi sharaɗin mayarwa. Na Beljiyam na asali sau da yawa ya fi sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba, amma shi ma an cire shi ne daga giyar da ba ka san abin da ya kashe ta ba.

A AL4, inda solenoyid ɗin daidaita ƙarfin mai ya yi suna wajen mutuwa har mota ta buga ta koma ta uku, biyun da ke tare ake sauyawa, kuma tsofaffin kwamfutoci sai an sabunta musu manhaja kafin su yi aiki da sabon samfurin. Wanda ya ɗaura bai yi wannan ba, kada ya zagi mai shago.

Kada ka miƙa makulli da zarar ka ɗaure faranti. A goge lambobi, a sake saita abin da kwamfuta ta koya in giyar na buƙata, a fita da mota har ta ɗau zafi ta shiga kowace giya hawa da sauka, a dawo a sake duba mai, a sake ɗora kwamfuta. Wasu lambobin ba sa dawowa sai a tafiya ta biyu, don haka a gaya wa mai mota ya dawo bayan kwana biyu a sake dubawa.

Kai kuma mai mota, kada ka tsaya a kan bakanike kana "yi sauri, tafiya gare ni." Kada ka ƙi biyan kuɗin bincike sannan ka yarda ka biya kuɗin giya. Ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Kafin ka fitar da ko sisi, ka nemi a rubuta maka lambar da kwamfuta ta nuna, a faɗa maka om nawa solenoyid ɗin ya ba da da kuma nawa ya kamata ya bayar, a nuna maka abin da ke cikin faranti. Bakaniken da ya kasa ba ka waɗannan, ka biya shi ladan wahalarsa cikin mutunci, ka ɗauke motarka.